Gawon da Ba a Kiran Suna a Gindinsa

Jiya da hantsi ɗiyata ta aiko mini bidiyo a salula daga Japon, inda mijinta yake karatu. Sun je wani tsohon gari, wurin bautar mutanen ƙasar: ƙofar katako ja, fili a share fes, sai wani ƙaton itace a bakin ƙorama, an ɗaura masa igiyar ciyawa mai kauri, fararen takardu suna reto a jikinta. Ta ce tun kaka da kakanni ake kula da shi, in igiyar ta tsufa a murɗa sabuwa. Ni kuwa ina ganin igiyar nan tsikar jikina ta tashi, don na san irinta.

Muna yara a Gaweye, kafin a tada unguwar, akwai wani gawo a bakin kogin Isa, an zagaye shi da igiya da fararen tsummoki. Na sorkawa ne, masuntan wurin. Wata tsohuwarsu kaɗai ke ƙetare igiyar, ta zuba nono idan ruwa ya fara hauhawa. Mu baƙi ne, Baba tela ne a Zongo. Kakata kuwa tasbaha ba ta barin hannunta, takan ce wannan shirka ce, amma ban taɓa jin ta wuce gawon da murya sama ba. Kuma abu guda ta karɓa daga matan sorkawa ta riƙe gam: ba a kiran sunan yaro a bakin ruwa. Wai in mutanen ruwa sun ji sunan, da shi za su kira yaron, da muryar uwarsa, ya bi su.

Wata damina, ruwa ya yi ja yana warin laka, muka je wanki da Inna da Kaka da ƙanwata, wadda ba ta daɗe da barin nono ba. Muka gama shanya a kan ciyawa, muka waiga, babu ita. Sai ɗan ƙoƙonta yana juyi a bakin ruwa.

Inna ta buɗe baki, Kaka ta rufe mata shi da tafi, kumfar sabulu da duka.

"Ke, so kike ki ba su abin da ba su da shi?"

Haka muka shiga nema. Ko kun taɓa neman naku ba tare da kiran sunansa ba? Mata suka watsar da wanki suna bin gaɓa, suna "ke ƴar nan, ke ƴar nan" ƙasa-ƙasa. Masunta suka tura jirage cikin ciyawar burgu suna laluben ƙasa da gora. Sunan yana maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi. Na san da na kira za ta amsa, kullum ni take amsa wa. Na kuma san wani ma zai ji.

Ni na hango ƙafafun. Ƙanana, tsakanin saiwoyin gawo, can cikin igiya, ba sa motsi.

Kowa ya tsaya cik a bakin igiyar. Tsohuwar sorkawan kuwa ta haye ƙetaren kogi tun safe. Wani dattijon basorke ya ce wa Kaka da Hausarsa ta kasuwa, "Uwa, yi haƙuri, a aika jirgi ya ɗauko ta."

"Jikata ba ta jiran jirgi," in ji Kaka.

Ta tuɓe takalmanta, ta yi sallama, ta ɗaga igiyar tana karanta Ayatul Kursiyyu. Ta sunkuya, ta daɗe a sunkuye, har Inna ta zube ƙasa. Sannan ta miƙe da yarinya a kafaɗa, tana mutsittsika ido, barci ne ya kwashe ta a inuwa.

Babu wanda ya kira ta har gida. Sai da muka shiga zaure Inna ta saki sunan da ƙarfin da ya fito da maƙwabta.

Da Baba ya ji labari ya ce wa Kaka, "To Inna, ke da kika ce shirka ce, me ya kawo tuɓe takalmi?"

Kaka ta ce, "Allah kaɗai nake tsoro. Amma gidan mutane ba a shigarsa da takalmi."

Yau babu gawon. Manyan gine-gine sun hau wurin, in na wuce a taksi ko gurbinsa ba na ganewa. Su can sun adana nasu, mu namu sai a bakin irina, kuma har yanzu ban san ko in yi hamdala ko in yi kewa ba.

A ƙarshen bidiyon jikana ya ruga wajen igiyar, ga ƙorama a bayanta, uwarsa ta ƙwala masa kira da cikakken sunansa. Sai na tarar da tafina ya rufe bakin salular. Na yi istigfari. Amma ban ɗauke hannun ba sai da na ga ya juyo.