Kwalin maganin da na jefa a durowa

A lokacin ina da shagon atamfa a Gwarinpa, kuma ni mace ce mai ganin babu wanda zai koya mini renon yara, tunda na reni biyar. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya turo mini 'yarsa mai shekara tara ta yi hutu, zuwanta gida na farko ke nan. Uwarta ta haɗo ta da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta yi ta jaddada mini a waya cewa a riƙa ba ta kullum, har bayan ta koma. Na amsa da to, amma a raina dariya nake yi. Mu da muka girma sauro na yi mana kiɗa a kunne, me ya same mu?

Kwana uku da zuwanta ta ce cikinta na murɗawa. Na ce ai ga irinta nan, na jefa kwalin a durowa. Gidan sauron ma ban ɗaura mata ba, wai zafi. Ta yi wata guda tana wasa da yarana, ta koma Amurka lafiya lau, har ina yi wa maƙwabta alfahari.

Kwana goma da komawarta zazzaɓi ya kayar da ita. Uwarta ta kira ni daga asibiti, ta ce likita na tambaya ko yarinyar ta sha maganin duka. Kunya ta rufe ni, na ce ta shanye tas. Saboda maganata suka ɗauka mura ce, suka sallame su. Bayan kwana biyu aka mayar da ita asibiti ba ta san wanda ke kanta ba, sai a ranar na faɗi gaskiya. Sati biyu ta yi a kwance. Inshorar lafiyarsu ba ta ɗauke kuɗin duka ba, dole ƙanena ya sayar da filin da ya saya a Karshi don gina wa mahaifiyarmu gida.

Allah ya tashi kafaɗunta. Ƙanena bai zage ni ba, ni kuwa na so a ce ya zage ni. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, da kin faɗa tun ranar farko."

Masu karɓar yara daga waje, jikin yaran nan bai saba da sauronmu ba, ku ba su maganinsu. In kuma kun yi sakaci, kada ku ɓoye wa likita. Mahaifiyarmu har yau tana gidan haya a Bwari, ba ta san dalili ba. Kwalin yana nan a durowata, na kasa jefar da shi.