Muryar Inna Rabi da Na Yanke

Har yau idan na ji warin anza, 'ya'yan itacen dajin nan da ake ci lokacin yunwa, a tukunya sai in tuna ranar da aka kawo mana ordinatar, wato kwamfuta. Shekarar fari ce, soja ke mulki, mazan Matameye duk sun tafi ci-rani Nijeriya. Ni kuwa yarinya ce mai yawan shiru, na gama lise, wato sakandare, ina rubuta waƙoƙi a bayan littafi.

Ƙungiyar mata ta unguwarmu ta samu mai koyarwa. Ta nuna mana yadda ake ɗaukar murya, a gyara ta a ordinatar, a kai wa rediyon gari shirin Juma'a. Ni na fi kowa saurin ganewa, sai aka damƙa mini makullin ɗakin ordinatar. Murya a gilashi kamar tsaunuka take, kuma ina iya yanke duk tsaunin da na so.

Wata rana na ɗauki muryar Inna Rabi, mai sayar da ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Da mun ce yara za su mutu, amma Alhamdulillahi, muna lallaɓawa." Ta yi dariya ta ƙara da cewa, "'Yar nan, ki gyara ni in fito kamar 'yar birni."

Da wasa na fara. Na cire farko, na cire ƙarshe, aka bar "yara za su mutu." Na saurara, jikina ya yi sanyi, amma ban goge ba. Na sa a katin waya, na ba direba ya kai wa mijinta, Malam Isufu, mai tura kurar ruwa a Kano, da saƙon ya aiko kuɗi ta hannuna. Ya aiko. Na yi wa wasu mata huɗu haka. Na sayi hatsi, gaskiya ne, amma na sayi turare da takalmi ma.

A karo na uku da na aika wa Malam Isufu, bai aiko ba. Ya sayar da kurarsa ya taho da kansa, ya tarar da yaransa suna wasa a ƙofar gida. Ya kunna wa matarsa katin. Ta zo ta same ni ta ce, "Muryata ce. Ina kika kai Alhamdulillahina?"

Da jandarma suka zo, wani sauƙi na ji, kamar an sauke mini tulu. Abu ɗaya ya dame ni a gidan kaso: za a ƙwace ordinatar, matan su koma shiru saboda ni. Juma'ar farko na toshe kunne. A ta huɗu, rediyon mai gadi ya kawo shirinmu, tsaf, ba ko tangarɗa. Na zauna na yi kukan daɗi.

Na fito, na bi gida biyar na durƙusa, aka yafe mini. 'Yan uwana matasa, in an koya muku na'ura, amana aka ba ku. Kada ku cire wa mutum kalma ko ɗaya da bai ce ku cire ba, ko da wasa.

Sai bayan shekaru na san mai gyara shirin nan. Inna Rabi ce. Ba ta iya karatu ba, siffar tsaunukan ta haddace.