Kishin da Na Yi wa Fada Bonifacy

Ranar Talata, tara ga Fabrairun 1909, ina bakin ramin kwal sai ƙararrawar coci ta kaɗa ba a lokacinta ba. Aka ce Fada Bonifacy Kaluza ya rasu, ciwon ƙirjin nan ya ci ƙarfinsa. Kafin in rufe baki, mutum ɗari uku sun ajiye diga sun nufi gidanka, Fada. Shekara goma sha bakwai ina shugabancin ƙungiyar ma'aikata a garin nan, ban taɓa tsayar da aiki da sauri haka ba. Kai kuwa kana kwance ka yi.

Ba zan ɓoye maka ba, Fada, na yi kishinka. Tun garin yana rumfunan katako ka buɗe wa yara makaranta, ni kuma ina koya wa iyayensu karatu, amma in wasiƙa ta zo wurinka ake kai ta. In na kwashe awa guda ina jawabi kan gurɓatacciyar iskar da ke kashe mu a ƙasa, sai su gyaɗa kai, su ce bari su ji ta bakin Fada.

Shekarar da rami na biyu ya rufta, tare muka sauka. Ni na jawo Alojzy Pyka daga ƙarƙashin ƙasa, kai hannunsa kawai ka riƙe kana addu'a. Da matarsa ta haihu, sunanka aka sa wa yaron. Na same ka kana shan miyar tsami, na amayar maka da duk abin da ke raina. Ka turo mini kwanon kana dariya.

"Zauna ka ci, Wincenty, ɗan taurin kai da bai san hanyar coci ba. Ai rigata suke ganin girmanta. Ranar da aka zalunce su, ƙofar wa suke bugawa?"

Na ci, amma ban huce ba.

Sai jiya ƙanwarka Tekla ta shaida mini cewa lokacin da kamfani ya shirya korata, kai ka je ka gaya wa manaja in na tafi ba za ka ƙara sa wa ramin albarka ba, ya kuwa san ba mai sauka. Ba ka taɓa faɗa mini ba. Ko godiya ba ka bari na yi maka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya ba ka hutawa. Tekla da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma Ya wanke mini zuciya, domin yanzu haka ina jin kukan da ake yi maka a titi, ina tambayar kaina mutum nawa za su fito ranar tawa.