Tuƙin Tuwo a Kan Wutar Gas

Shekarar da aka fara tace man fetur na ƙasarmu a Damagaram, ina koyarwa a wata lakwal cikin Tawa. Kafin nan, man da muka sani shi ne na kwalba a bakin hanya, wanda ake shigo da shi ta Ƙonni. Rediyo ta cika mana kunne da labarin rijiyoyin gabas, ni kuwa ko babur ba ni da shi. Abin da ya iso gidana daga duk wannan hidima ɗan tulun gas ne mai murhu a kansa, kuma saboda innata na saye shi.

Na ɗauko ta daga Bambeye ne don tari ya hana ta sakat. Likita ya saurari ƙirjinta, ya ce hayaƙin girki ne ya ci ta, in ta ci gaba da zama gindin itace da kara, abin ba zai yi kyau ba. Inna kuwa ba ta cin tuwon da ba hannunta ya tuƙa ba.

"In ba ni girki, mi nika yi nan?" in ji ta. "Gida za ni."

Na san ba wasa take ba, na kuma san murhun da ke jiran ta can, duwatsu uku cikin ɗaki marar taga. Tsoro ya kama ni sosai.

Ran da na kunna mata gas, ta duƙa za ta hura wutar, na riƙe ta. Wannan mai sauƙi ne. A wajen tuƙi aka samu matsala. A wajenmu mace kan zauna a 'yar kujera, ta tokare tukunya da ƙafa, ta kama muciya da hannu biyu, ta ja da dukan ƙarfinta. A kan tulun gas kuwa tukunya tana can sama, ba abin da ya riƙe ta. Ja ɗaya Inna ta yi, tukunya ta kife, talge ya fallatsa mata a ƙafa. Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta ƙulle kayanta.

"Inna, ki ba ni zuwa Lahadi," na ce, don ran kasuwa ne motocin ƙauyenmu ke zuwa.

"Na ba ki. Amma abin ga na dahwa shayi ne, ɗiyata."

Na je wajen wani mai walda kusa da tasha. Ya ƙera mini teburin ƙarfe dogo, irin na masu girki a tsaye, na mayar masa. Ya rage tsayi, na sake mayar masa. Ya ce matan ma'aikata duk haka suke saya. Ni da taurin kai dai gado na yi. Washegari na hau kabu-kabu da tukunya da muciya, na zauna a ƙasa gaban shagonsa, na cika tukunyar da jiƙaƙƙen yashi, na tuƙa masa ya gani. Maza suka taru suna dariyar malamar lakwal, ban ko ɗaga kai ba. Shi dai ya daina dariya, ya tsuguna yana duban inda ƙafata ke neman tokara.

Ya ƙera gajeren murhu mai ƙafa uku, da zoben da ke kama cikin tukunya, da sandar taka ƙafa. Wutar tana ƙarƙashi, tulun yana can nesa a ƙarshen tiyo.

Lahadi da hantsi ƙullin kayan Inna yana bakin ƙofa. Ta zauna, ta taka ƙarfen da gayya, ta ja muciya kamar mai son kayar da shi. Bai motsa ba. Ta tuƙa, ta rufe, ta kwashe, ni kuwa ina tsaye ina jiran tarin da kullum ke tare ta a tsakiyar tuƙi. Har ta ajiye muciya ban ji shi ba.

Ta ɗanɗana loma ɗaya, ta yatsine fuska.

"Tuwon ga ba shi da ƙamshin wuta," ta ce.

Ta dubi ƙofa, sannan ta dube ni.

"Kina tsaye kamar wadda anka dasa. Kwance ƙullin can ki miƙo min maburgina, miya ta rage."