Ƙugiyar Arzika Ba Ta Saki Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina zaune ƙofar gida da kwanon kunu a hannu. Arzika Maƙeri ya rasu.

Kuma ba 'ya'yansa sunka aiko mini ba. Wata mai tallan kifi ce ta sauke tirenta ta ce, "Baba Gado, ka ji tsohon nan da ke zaune Zagga ya cika? Wanda ƙugiyarsa ta saki."

Mutum ya mutu, ko wanka ba a yi masa ba, amma sunan da ya rage masa a bakin mutane ke nan.

Ni ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Sani tela ke buga mini wannan a waya, kuma na ce masa in ya gyara mini magana ko ɗaya, ni da shi ne. Bayan azahar za a yi jana'iza. Ina son maganar nan ta riga gawar fita.

Yaran yanzu ba ku san babur mai kwando ba. Babur ne babba, an haɗa masa wani kwando na ƙarfe a gefe, mai tayarsa da kujerarsa, mutum ya zauna ciki kamar a kwalekwale. A shekarun da anka samu mulkin kai, Turawa na tattara kayansu suna sayar da abin da ba su iya ɗauka. Ubangidana Alhaji Labbo, mai fataucin goro, ya tsallaka iyaka ya sayo ɗaya a ƙasar da kuke kira Benin yanzu. Mu Dahomi munka san ta. Duk Bagudo ni anka ba tuƙinsa, kuma ban roƙa ba, iyawa ce ta ba ni.

Abin yana da aibi guda. Ba ya tsayuwa.

Babur mai taya biyu ka jingine shi kan ƙafarsa ka yi tafiyarka. Wannan taya uku gare shi, in ka bar shi kan gangare sai ya kama hanya shi kaɗai. Birkin ajiyewa da ya zo da shi ya mutu tun a hannun Baturen. Za ku ce me ya hana in bar shi cikin giya. Injin ne, in ya mutu sai ka yi gumi kafin ya tashi, shi ya sa in tsayuwar ba mai tsawo ba ce nake barinsa a kunne.

Sai na samo dabarata. Igiyar fata ce, ɗanyar fatar sa da anka yanka siririya ta bushe. In matse birkin hannu, in naɗe shi da ita, in ƙulle. Wata da watanni ba ta ba ni kunya ba.

Arzika tsarana ne, tare munka yi kiwon awaki, tare anka yi mana kaciya. Wata ranar kasuwa na tsaya maƙerarsu, mutane cike, har da mutumin da nake neman ɗiyarsa. Arzika ya ɗago igiyata da ɗan yatsa ya ce, "Gado, wagga ta ɗaurin akuya ce. Akuyar ma sai marar lahiya."

Anka yi dariya. Surukin nawa ya fi kowa.

Ba zan yi ƙarya ba ranar mutuwa. Har yau maganar nan tana mini zafi. Yana iya kira na gefe ya faɗa mini. Bai yi ba.

Kwana uku ya yi yana aiki, kuma ba wanda ya sa shi. Ya samo guntun sifirin na wata tsohuwar mota, ya ƙera ƙarfe mai haƙora kamar zarto, ya ɗaure shi jikin babur kusa da birkin ƙafa, ya yi masa 'yar ƙugiya. Ka taka birki, ka sauke ƙugiyar, ta kama haƙori, shi ke nan. Birki na nan a take har sai ka ɗaga ta. Alhaji ya sa ƙatti huɗu sunka tura, abin ko motsi. Ya ce, "Gado, daga yau wagga za ka riƙa sawa."

Na ce to. A raina na ce sai dai in ban da rai.

Ba a yi mako ba anka ce in kai Inna Dudu, mahaifiyar Alhaji, wurin wani mai magani a ƙetaren gulbin Kwara, can wajen iyaka. Ƙafafunta sun shanye, sai an ɗauke ta an aje. Munka shimfiɗa mata bargo cikin kwando. Arzika ya ce zai bi mu, yana son ganin aikinsa kan gangaren mashigi. Ya hau bayana.

Damina ce. Tun da munka fito ake yayyafi. Gulbi ya cika ya kawo har gindin gangare, ruwan ja, yana tafe da itatuwa. Lokacin ba gada. Jiragen ruwa biyu ake haɗawa a shimfiɗa katako a tura babur a kai.

Munka tsaya a saman gangare. Arzika ya sauka ya ce, "Taka ka sa ƙugiya," ya nufi rumfar masunta neman wutar taba.

Na ce, "Na sa."

Ban sa ba. Na ciro igiyata daga aljihu, jiƙe sharkaf, na naɗe birkin hannu, na ƙulle, na gangara wurin mai fito muna maganar yadda za a aza katako.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san ɗanyar fata in ta sha ruwa laushi take yi, ta miƙe. Ni ma na sani. Kada wani ya ce yarinta ce.

Ba ƙara na ji ba. Muryar Inna na ji, a hankali, kamar mai tambayar hanya.

"Gado, muna tahiya."

Na waiwayo. Babur na gangarowa, kwandon na jan sa gefe, wurin da gaɓa ta yanke, inda ruwa ke da zurfi. Tsohuwa ta riƙe bakin kwando da hannu biyu. Ni kuma ƙafafuna sunka nutse cikin laka, ina gani, na kasa ko ihu.

Arzika ya fito daga rumfa a guje. Ya cafki bayan kwando, abin ya ja shi ƙasa, yana jan sa cikin taɓo rub da ciki. Bai saki ba. Ya ja jiki ya kai hannun dama kan birkin ƙafa ya danna da dukan ƙarfinsa. Sarƙa na juyawa dab da wurin. Ta kama hannun.

Na ji ƙarar. Har yau ina jin ta.

Da hannun hagu ya lalubo ƙugiyarsa ya sauke ta. Ta kama haƙori. Babur ya tsaya cak, tayar gaba cikin ruwa, ruwa na lasar ƙasan kwando.

Masunta sunka ɗauke Inna, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Arzika ya bar yatsu uku a wurin. Maƙeri, hannun guduma.

Na duba hannun birki, igiya ba ta nan. Na tona lakar da ƙafa, ban gan ta ba. Na ce gulbi ya tafi da ita, na ji sanyi a raina. Ku ji irin mutumin da nake, abokina na kwance jini na zuba, ni ina neman igiya.

Da la'asar Alhaji ya zo gidansu Arzika, ɗan doka na biye da shi. Ku da ba ku ga zamanin nan ba, in ɗan doka ya tafi da kai, sai abin da Allah ya yi. Saura kwana kaɗan a ɗaura mini aure.

Alhaji ya ce, "Gado, mi ya faru?"

Na ce, "Ƙugiyar ta saki, Alhaji. Kowa ya gan ta sanye."

Kuma gaskiya ne kowa ya gan ta sanye. Ba wanda ya ga lokacin da anka sa ta.

Alhaji ya juya wajen tabarmar da Arzika ke kwance. "Arzika, haka ne?"

Arzika ya dube ni. Ba harara ba, kallo kawai. Sannan ya ce, "Alhaji, ƙarhe ne. Mu gode Allah da ya kiyaye Inna."

Shi ke nan abin da ya faɗa, ranar nan da duk ranakun da sunka biyo.

Alhaji ya ce a cire ƙugiyar a jefar. Na cire gaban idonsa, amma ban jefar ba. Kullum in na bar gari sai in tsaya bayan wata kuka in mayar da ita da sufana, in zan shigo in cire. Shekaru na yi haka, har injin ya mutu mutuwar da ba tashi. Na aje babur nan kan gangaren mashigi da buhunan goro, na aje shi cikin ruwan sama, na aje shi gaban 'yan kastan na awa da awanni. Ba ta taɓa saki ba. Ko sau ɗaya.

Shi kuwa Arzika, ba wanda ya ƙara kawo masa aikin inji. Ya koma yi wa ƙanensa zuga, yana wasa fartanya da hagu. In ƙofa ta ɓalle ko ƙotar gatari ta zare, sai ku ji an ce aikin Arzika. Yara sunka tashi da maganar ba su san tushenta ba. Na sha jin ta a majalisa. Wani lokacin har na yi dariya don kada a dube ni.

Duk farkon damina sai in iske fartanyoyina an wasa su an jingine a zaure. Ban taɓa kai masa ba, shi ke zuwa ya ɗauka.

Ranar da uwar 'ya'yana ta rasu, kafin in isa maƙabarta na iske shi cikin rami, yana haƙa da hannu ɗaya da rabi.

Kuna tsammani daɗi nake ji? Haushi nake ji. Da ya zage ni, da ya tona ni a kasuwa, da an yi an gama. Amma ya bar ni ina gaisawa da hannun nan kullum bayan sallah.

Ganinmu na ƙarshe bayan girbin da ya wuce ne. Ya koma Zagga wurin ɗiyarsa Kulu tun da idonsa ya yi rauni. Ya aiko in zo. Sai da na yi mako biyu, don ni ba yaronsa ba ne da zai kira in taso.

Na iske shi kan buzu a inuwar rumbu. Munka gaisa, ya ce, "Kai dai tsuhwa bai rage maka tsiya ba." Na ce, "Kai ma bai rage maka baki ba." Kulu ta kawo tuwon shinkafa ta koma ciki.

Sai ya jawo tsohuwar jakarsa ta fata, ya daɗe yana lalube, ya fito da wani abu baƙi, busasshe, a naɗe. Ya aje kan gwiwata.

"Ga abinka."

Na ce, "Ban san ta ba."

Ya ce, "Ka san ta. Ƙarƙashina ta faɗi cikin laka, na danne ta da ciki."

Ƙullin da na yi da hannuna yana nan bai kwance ba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "To mi ya hana ka faɗa tun ran nan?"

Ya ce, "Hannu ya riga ya tahi, Gado. In an tahi da kai kuma, mi na samu? Na yi ta jira ka faɗa da bakinka. Yanzu na gaji da ajiya."

Kun san abin da na yi? Na tashi. Na sa igiyar a aljihu, na bar tuwon ko loma ban kai ba. Ina jin sa yana cewa, "Ka gaida gida." Na yi gaba abina. A raina na ce sai na huce zan koma.

Ban huce da wuri ba.

To ga shi na faɗa, Arzika, ko da yake na makara.

Mutanen Bagudo, mutanen Zagga, da ku na ƙetaren gulbi, ku ji da kyau. Ƙugiyar Arzika ba ta saki ba. Ni ne ban sa ta ba, saboda wata magana da ya faɗa mini gaban mutane. Igiyata ce ta saki. Ƙugiyarsa ita ta tsayar da babur a bakin ruwa, ita ta ceci Inna Dudu, da ita da yatsunsa uku.

Kulu, ke da ƙannenki, kun tashi ana yi muku ba'a da sunan babanku. Ni na jawo muku. Ba ku aiko mini da rasuwar ba, kuma da safe na ji haushin haka. Yanzu ban ga laifinku ba. Ina nan tafe. Ƙugiyar tana hannuna, igiyar ma haka. Zan aje su kan tabarma gaban liman kafin a tayar da sallah, in maimaita abin da na faɗa nan da bakina. In kun kore ni bayan haka, kun yi daidai.

Duk wanda ya karanta, ya tura wa wanda ya taɓa cewa aikin Arzika. In kuma za ku ci gaba da faɗa, ku faɗa kan abin da ya riƙe bai saki ba.

Allah ka ji ƙan bawanka Arzika. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka mayar masa da hannunsa cikakke a Aljanna. Ka ba iyalansa haƙuri.

Don Allah ku sa shi cikin addu'a, kowa ya karanta masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku. In ta rage muku, ku roƙa mini Allah ya sa Arzika ya yafe ni kafin ya cika, don ban tsaya na tambaye shi ba.