Jakar da Aka Ce Ki Ajiye a Ƙofa

Allah ne Ya ba mu aron rai, kuma gare Shi kowa zai koma, ko ya shirya ko bai shirya ba. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Mayu, labari ya iso mana a makarantar koyon aikin jinya cewa malamarmu ta cika. Ta rasu a asibitin da ita ta horar da rabin ma'aikatan jinyarsa, bayan ta yi kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba. Mu ɗalibanta Mama Mai Jaka muke ce mata, kuma da wannan sunan zan kira ki yau.

Ban manta ranar da kika fara shigo mana aji ba. Mun gyara zama muna jiran sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, sai kika dire wata ƙatuwar jaka a kan tebur, kika shiga fito da kaya kamar mai talla. Ga gorar ruwa, ga rigar sanyi saboda na'urar sanyaya aji ba ta da tausayi, ga biro biyu don a cewarki ɗaya sai ya ci amanar mutum a tsakiyar lacca, ga agogo mai hannun daƙiƙa. Daga ƙarshe kika ɗaga biskit da alawa sama kika ce, "'Ya'yana, laccarmu doguwa ce, ni kuma ba na koyar da mai jin yunwa. Wadda ta kasa kula da jikinta a kan kujera, ta yaya zan ba ta amanar majiyyaci?"

Mun yi miki dariya a ɓoye, har ana kwaikwayon tafiyarki da kafaɗa ɗaya a karkace. Dariyar ta ƙare ranar da wata ƙawarmu ta shigo ba ta karya ba. Kina tsaka da bayani kika hango ta a layin baya tana neman suma, kika taka har wurinta kika ɓare mata alawa. Da ta dawo hayyacinta kika ce mu dube ta da kyau: gumi, rawar hannu, magana tana harɗewa, haka sukarin jini yake yi in ya sauka. Kika ce ke kam da ciwon sukari kike kwana kike tashi, kullum sai kin yi wa kanki allura kafin ki fito. Ba mu taɓa manta darasin ba.

Kin san waɗanda ke zuwa hannu rabbana, amma ba ki taɓa kunyata kowa ba. Sai dai ki miƙa wa yarinya ayaba ki ce, "Rage mini kaya, jakar nan za ta karya ni." Ni ma na sha rage miki kaya, kuma sai daga baya na gane waye aka rage wa nauyi.

Sai aka gina sabon zauren lacca, aka shimfiɗa masa kafet, aka jera kujeru masu laushi. Aka manna takarda a ƙofa: ba a shiga da abinci, ko ruwa, ko jaka. Jakunkuna kuwa a wani ɗaki a ƙarshen baranda ake tara su, maigadi ya kulle. A daidai lokacin malamai biyu suka bar aiki ba a ɗauki wasu ba, aka haɗe miki laccocinsu, tun safe har azahar kina tsaye. Kin je wajen shugaban makaranta. Ya ce ke an ɗauke miki saboda lalurarki, mu kuwa yara ne, za mu jure. Kika ce masa ba za ki tsotsi alawa a gaban yara masu jin yunwa ba, ko a shiga da ita duka ko a bar ta duka. Kin ɗauka kunya za ta kama shi ya janye dokar. Ba ta kama shi ba.

Mama, ina fushi da su, amma ke ma ina fushi da ke. Kin fi kowa sanin abin da taurin kan nan zai iya jawowa.

Ranar da abin ya faru ana jiran manyan baƙi su zo ganin zauren, don haka har aljihu aka laluba mana. Wajen tsakar rana muka ga gumi ya jiƙe miki goshi, hannunki yana rawa, kin maimaita jimla ɗaya ba ki sani ba. Duk mun gane. Kika dafa tebur kika ce a hankali, "Wa ke da alawa?" Aji cike da ɗaliban jinya, kowa na kakkaɓe aljihu, babu. Wasu suka ruga ɗakin jakunkuna suka tarar da shi a kulle, an aiki maigadi bakin ƙofar makaranta tarbar baƙi da makullin a jikinsa. Wata ta ruga shagon tsallaken titi. Kika yunƙura za ki sauko daga dandamali, ƙafa ta zame, kanki ya bugi gefen matakala. Kafin alawar ta iso kin daina haɗiya.

Mun yarda kwananki ne ya ƙare, ba ma jayayya da ikon Allah. Amma kwaɗon ɗakin jakunkunan nan mutum ne ya saka shi. Tun a yammacin ranar aka kira masu wanke kafet. A wurin zaman makoki shugaban ya miƙe ya ce ke uwa ce ga ɗalibai, muka sunkuyar da kai don kada mu yi abin da ba ki koya mana ba. Har yau takardar tana manne a ƙofa.

Makaranta ta mayar wa iyalinki jakar. Da muka je gaisuwa, babbar 'yarki ta ɗauko ta ba a taɓa komai a ciki ba, ta ɗora mini a cinya ta ce, "Ku tafi da ita, don ku take cika ta." Ranar Litinin da jakar zan shiga zauren. An ce duk wadda ta karya dokar ba za ta zauna jarrabawar ƙarshe ba, kuma bana ce shekarata ta ƙarshe. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma ajinmu gaba ɗaya sun ce a bayana za su shigo, kowa da gorarsa a hannu.

Ku kuma ƙannenmu da za ku shigo bana ba ku sami Mama ba, ku zo da ruwa, da rigar sanyi, da biro biyu, da agogo. Ku zo da alawa biyu, ɗaya taku, ɗaya ta wanda zai tambaya.

Muna miƙa ta'aziyya ga mijinki, da 'ya'yanki, da jikokinki, da duk wanda ya taɓa cin abin jakarki. Allah Ya ba su haƙurin rashi, mu ma Ya sanyaya mana zuciya, don har yanzu ba ta huce ba. Allah Ya gafarta miki, Ya sa jinyar da kika yi ta zama kaffara, Ya shayar da ke kamar yadda kika shayar da mu. Ya shigar da ke Aljanna da duk abin da kika ɗauko, ba tare da wani ya tsayar da ke a ƙofa ya ce ki ajiye ba. Amin.