Gidan Man da Na Wuce a Hanyar Duba

A lokacin shekarata biyu ke nan a Makka, ina tuƙa motar wani kamfanin gini, ina zaune a unguwar Misfala da matata, 'yar Hausawan da aka haifa a nan. Kafin in zo na yi shekara tara ina jigilar fasinja tsakanin Kano da Maiduguri, don haka ina ganin ba wanda zai koya min hanya a duniya. Girman kan nan shi ya ja min abin da har yau yake damuna.

Wata ranar Laraba aka bugo wa surukina waya cewa ƙaninsa, wanda ya yi shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Duba, can arewa a bakin teku, yana kwance rai a hannun Allah, sunan yayansa kawai yake kira. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma rabon su da juna shekara shida. Na ari motar abokina, muka kama hanya da asuba ni da surukin nawa, wanda nake kira Baba.

Da muka wuce Yanbu sai gari ya ƙare. Duwatsu a dama, teku a hagu, ko akuya babu. Wajen azahar muka isa wani gidan mai, muka tarar an rufe don salla, kamar yadda ake yi a ko'ina a lokacin. Baba ya ce mu tsaya mu yi salla, in an buɗe mu cika tanki. Na ce ai mu matafiya ne, ma haɗa da la'asar a gaba, minti ashirin ɗin nan asara ne. A raina kuwa ina cewa ko mai ya yi ƙasa ba za a rasa 'yan bumburutu da galan a bakin titi ba, yadda na saba a gida. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, nan ba Kano ba ce.” Dariya na yi, na taka mota.

Ba mai galan, ba ƙauye, ba rumfar bakanike. Motar ta yi ta shiɗewa har ta mutu a tsakiyar daji. Kusan awa uku muna cikin rana, waya ba sabis, motoci na wucewa jefi-jefi, kafin wani direban tirela ya tausaya ya kai ni inda na samo mai. Da na dawo na sami Baba a inuwar motar yana jan carbi, leɓɓansa sun bushe.

Mun shiga Duba dab da magariba. A ƙofar gida ɗan mara lafiyan ya tare mu, ya ce babansa ya cika bayan la'asar, kuma har ƙarshe yana tambaya ko Yaya ya iso. Baba ya dafa bango. Na durƙusa ina ba shi haƙuri, sai ya ɗago ni ya ce, “Khalas, ya wuce, tashi. Haka Allah ya rubuta.” Wallahi da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na san ajali ba a hannuna yake ba, amma ganawar nan ni na hana su. 'Yan uwana direbobi da ke zuwa ƙasar nan, ku ajiye sanin gida a gida, in ɗan gari ya ce ku tsaya, ku tsaya. Baba ya yi shekara huɗu bayan nan kafin ya rasu, bai taɓa tayar min da maganar ba, amma bai sake shiga motar da nake tuƙawa ba.